Alƙur'anin Malam a Kotun Greensboro

Tun da Malam ya rasu na kasa zama wuri ɗaya. Malam mijina ne. Haka nake kiransa tun muna Kano, haka kuma zan kira shi a nan. Na yi takabata a gidan hayarmu da ke gabashin Greensboro, ɗaki biyu da falo a saman bene. In tashi daga kujera in leƙa taga, in shiga kicin in buɗe firij in rufe ban ɗauki komai ba, in dawo, in sake tashi. 'Yata ta ce da ni da Turancinta, mutanen da ke ƙasanmu za su kai ƙararmu saboda takuna. Na ce to, na cire silifas, na ci gaba da zagayen ba takalmi.

Ranar Asabar abin ya faru, da hantsi. Za mu suna McLeansville, gidan wasu 'yan garinmu. Shi ke tuƙi, ni ina gefensa da kular miyar taushe a cinyata. A wata mahaɗa mai danja, bayan an bar gidajen gari an fara ganin gonaki, wata a-kori-kura ta fito ta hagu ta daki ƙofarsa. Ni na tashi da karaya a hannu. Shi kuwa kafin a kai asibiti rai ya yi halinsa.

Da aka zauna makoki, duk wanda ya shigo, bayan addu'a sai ya tambaya yaya aka yi. Da farko cewa nake ban sani ba, na dai ji ƙara. Sai wata Hajiya ta ce, ai Malam ba ya keta danja, kowa ya san wannan. Gaskiya ta faɗa. Mutum ne da zai tsaya a jan danja ko da hanya ba kowa, na baya na ta masa ham, shi yana tasbihi. Daga nan na fara cewa danja ta ba mu hannu. Na faɗa wa ɗan sandan da ya zo gida, 'yata na fassara. Na faɗa wa dangi ta waya. Kafin a yi sadakar bakwai, in na rufe ido ina ganin koren nan tar, kamar ganyen alayyafo da aka wanke.

Mai a-kori-kurar Bature ne, magidanci, yana yawon yankan ciyawa a gidajen mutane. Shi ma ya ce tasa danjar kore ce. Ba kyamara a mahaɗar, ba wanda ya tsaya ya ce ya gani. Hukuma ta tuhume shi da jawo mutuwa ta hanyar keta danja, kuma babbar shaidarta ni ce.

Sai na ɗan faɗi wane irin mutum ne Malam, don a gane abin da ya dame ni. A Kano tela ne. A nan kuwa a sito yake aiki, yana ware kwalaye, kekensa na ɗinki na kwanar ɗaki yana gyara wa mutane kayan Salla. Lokacin da yake shirin jarrabawar zama ɗan ƙasa, maganar kundin tsarin mulkin ƙasar nan ta shiga kansa ta ƙi fita. Wasu haddacewa suke su wuce, shi kuwa har a kan tuwo sai ya yi mana bayani. Yakan ce kundin riga ce da aka yanka wa mutum kaɗan. Bayi ba sa ciki, mata ba sa ciki. Aka yi ta farke gefe ana ƙara ƙyalle. Wani ƙyallen ya hana bauta, wani ya ce duk wanda aka haifa a ƙasar ɗan ƙasa ne, wani ya ba mata ƙuri'a. Wani lokacin kuma ba a ƙara ƙyalle, kotu ce ke duba ɗinkin ta ce ai akwai lanƙwasa a ciki da ba a warware ba, a warware. Yana wannan magana yana nuna faɗin da hannuwansa biyu, har miya ta ɗiga a rigarsa.

Wanda ya fi so a cikin labaran shi ne na jihar nan da muke zaune. A da, in za ka dafa littafi a kotu, Baibul kawai ake miƙo maka. Wata Musulma a garin nan ta nemi Alƙur'ani aka hana ta. Magana ta je gaban alƙali, aka daɗe ana ja, daga baya aka yanke cewa kowa ya dafa littafin da ya yi imani da shi. Malam yakan ce, kin gani, har mu an ƙara mana ƙyalle. Ni kuwa in ce Allah ya raba mu da kotu, da Baibul ɗin da Alƙur'anin duk ba mu da abin da zai kai mu. Ya yi dariya ya ce amin, amma dai a san akwai.

Ina cikin takaba aka fara sa ranar shari'a, aka ɗage. Aka sake sawa, aka sake ɗagewa. Duk ɗagewar, lauyan mutumin ne ke nema, wai yana son a sake auna wurin, wai yana jiran rahoton injiniya. Da na ji cewa mai yankan ciyawar ba shi ya ɗauki lauyan ba, hukuma ce ta ba shi don ba shi da hali, sai na tashi na hau zagayen falo. Na san labarin, Malam ya ba mu: kotun ƙoli ce ta ce ba a ɗaure talaka ba tare da mai tsaya masa ba. A bakin Malam abin ya yi mini daɗi. Yanzu da ya zama wanda ya kashe shi ne ke cin moriyar, sai na ji ina ma rigar ta tsaya a matse. Na yi istigfari, amma na ji hakan.

Wadda ke zaune a ƙasanmu wata tsohuwa ce baƙar fata, haifaffiyar unguwar, ta yi aikin girki a makarantar yara har ta yi ritaya. Mama nake ce mata. Ita ce 'yata ke tsoron za ta kai ƙara, amma ba ta taɓa cewa komai ba, sai ranar da ta hawo da kwanon ganye da masara, ta ce ba naman alade a ciki, ta duba sau biyu. Ta ce, "Ina jin ki a kaina kullum, kamar ana jan buhu. Zauna mana." Na zauna a bakin kujera. Da Turancina mai karyewa na faɗa mata maganar lauyan.

Ta gyara tabarau. Ta ce a zamanin kakan babanta, doka ma ba ta yarda baƙi ya ba da shaida a kan Bature ba. A zamanin babanta an yarda, amma sai ka gama maganarka a wuce kamar iska ce ta kaɗa. Babanta in ya shiga cikin gari ba ya bin gefen titin da kotu take. "Ke kuwa," in ji ta, "kin zo jiya-jiya, da mayafi a kanki, Turancinki ma sai a hankali. Za ki zauna a kujerar shaida ki buɗe baki, maganarki ta iya kai Bature gidan yari. Kin san abin da aka sha kafin a kai nan?" Na ce Malam ya faɗa mana. Ta ce, "To ba a sha shi don a daina tambaya ba. Ban ce bai yi ba. Na ce a tambaya." Ta bar mini kwanon ta sauka.

Ranar da na fita takaba na yi wanka, na sa sabon kaya, mata suka zo aka yi addu'a aka ci waina. Da suka watse na kasa zama kamar kullum, sai na shiga kwashe kayan kabad. A can ƙasa na tarar da ledar da asibiti suka ba mu, wadda ba wanda ya buɗe. Atamfar da na ɗaura ranar ce a ciki. Na warware ta a kan gado. A daidai cinya akwai tabon manja mai faɗi, ya bushe ya yi duhu. Bakin mayafin ma duk manja, a cukurkuɗe, irin na abin da aka goge wani abu da shi.

Na tsaya ina kallo. Murfin kular bai zauna daidai ba tun daga gida. Tun da muka bar babban titi miya ke tsiyaya. Na tuna Malam ya ce, "Za ki isa gidan suna kamar mai sayar da manja." Na tuna na sunkuya ina goge zanen da bakin mayafi, ina ce masa shi ya ƙi saya mini sabuwar kula. Ina cikin faɗin haka aka dake mu. Kaina a ƙasa yake. Ban ga danja ba, ko ja ko kore.

Na naɗe zanen na mayar. Na fito falo na zagaya, na koma na sake warware shi, kamar tabon zai canja wuri.

Bayan 'yan kwanaki lauyar gwamnati ta kira mu ofishinta a cikin gari. Matashiya ce mai saurin magana, tana da kirki. Ta ce in faɗi abin da na gani kawai, kada in ji tsoro. Ta ce kafin in yi magana za a rantsar da ni, kuma zaɓi nawa ne: in ɗaga hannu kawai in yi alkawarin gaskiya ba tare da littafi ba, ko in zo da Alƙur'anina in dafa. Ta faɗi haka tana murmushi, kamar mai miƙa mini kyauta. Na buɗe baki zan yi maganar zanen, wayarta ta yi ƙara, ta ce mu haɗu ranar shari'a. Na bar ta ta tafi.

Ita ba ta san mene ne dafa Alƙur'ani a wurinmu ba. A unguwar da na tashi, in rigima ta kai a ce a ɗauko Littafi, tsofaffi ne ke shiga tsakani. Mai gaskiya ma ana ba shi baki ya haƙura, ya bar wa Allah. Na ga wanda ya yafe akuyarsa da aka sace don kada ya sa maƙwabcinsa ya dafa. Ban taɓa ganin mace ta yi ba.

Ƙanin Malam yana nan garin, yana tuƙa mutane da motarsa. Baba Ƙarami yara ke ce masa, ni ma haka. Tun ina amarya muke wasa, shi ya ce mini matarmu, ni in ce ya fara biyan kuɗin cefane tukuna. Shi ya wanke Malam, shi ya shiga kabari ya karɓe shi. Da ya zo kawo mana shinkafa na ce masa an ce in zaɓa.

"Matarmu, ki ɗaga hannu kawai," in ji shi. "Rantsuwar kotun nan ba ta kama mutum."

"Wa ya faɗa maka?"

"Ni na yi ta da aka kama ni da gudun mota. Ga ni garau."

"Garau ɗin ke nan gashinka ya gudu ya bar ka?"

Ya shafa sanƙonsa ya yi dariya, karo na farko da na ji dariyarsa tun rasuwar. Sai na faɗa masa maganar kula da zane. Dariyar ta tsaya. Ya ce, "Ke kin san Yaya. Ni na san Yaya. Ya taɓa keta danja?" Na ce bai taɓa ba. Ya ce, "To ƙarya za ki yi in kin ce kore ce? Kore ce. Ganin ne kawai ba ki yi ba. Ki ɗaga hannu, ki bar Littafi a gida, ki faɗi abin da kowa ya sani. In kin ce ba ki gani ba, mutumin nan zai koma yankan ciyawarsa, kuma a bakin mutane Yaya ne ya kashe kansa." Ya ɗauki makullinsa. A bakin ƙofa ya juyo ya ce, "Shi ba ya nan ya kare kansa. Ke kaɗai ya bari."

Maganarsa ta zauna mini, don ba ta rasa gaskiya ba. Kwanakin da suka rage na yi su tsakanin taga da kantar da Alƙur'anin Malam yake. Yana cikin gafakar da ya ɗinka da kansa da ragowar shadda ruwan toka. In ce zan bar shi, ai ɗaga hannu ma doka ta yarda. In ce to Allahn da ke jin mai dafa Littafi ba ya jin mai ɗaga hannu ne? Na san amsar. Abin da nake nema shi ne hanyar da zan faɗi kore ban ji nauyinta ba. Safiyar ranar shari'a na sa takalmi, na kai ƙofa, na dawo na ɗauki gafakar. Ban yanke shawarar komai ba. Na dai ga in Malam na da rai, ba zai yarda a je kotun nan a bar Littafin a kan kanta ba.

A ƙofar kotu ana sa kaya a faranti su wuce cikin na'ura. Na ga farantin da wani ya cire bel ɗinsa da makullai ya zuba, aka turo mini shi. Na rungume gafakar na ƙi. Layi ya tsaya. 'Yata ta yi wa mai gadin bayani, fuskarta duk kunya. Ya duba ni, ya shiga ciki ya ɗauko wani farantin, na shimfiɗa hankicina na ɗora. Ya bi shi da ido har ya fito ta ɗaya gefen, bai taɓa ba. Daga nan na nemi banɗaki na sake alwala, don ban yarda da wadda na fito da ita ba. Famfon irin mai ɗaukewa da kansa ne, kafin in wanke hannu ɗaya ya tsaya, sai na yi ta kaɗa masa hannu. Wata mata ta shigo ta tarar da ƙafata a cikin kwamin wanke hannu, ta koma da baya.

Ɗakin shari'ar bai kai yadda na zata girma ba. Alƙaliyar baƙar fata ce, gashinta ya fara fari. Mama ta zo, da hular cocinta, ta zauna a baya. Baba Ƙarami na kusa da 'yata. Mutumin yana gefen lauyansa cikin kwat da ta yi masa yawa, bayan wuyansa ja saboda rana. Ban taɓa ganinsa ba sai ranar. Malam ya taɓa cewa wannan ma haƙƙi ne, wanda ake tuhuma ya ga mai shaida a kansa ido da ido. Na gane dalili da na zauna. Daga falona abu ne mai sauƙi in ce kore. A nan kuwa ga hannuwansa a kan tebur, duk tsagewa.

Tafinta ta waya aka haɗa, muryar wata mata ce mai Hausar Nijar. Ma'aikaciyar kotu ta miƙo hannu za ta riƙe mini Littafin, na girgiza kai, na ɗora shi a gabana na dafa da kaina. Shaddar ta yi laushi a wurin da yatsunsa suka saba kamawa.

Aka ce in faɗi sunan mijina. Tun da aka ɗaura mana aure ban taɓa faɗinsa a gaban mutane ba. Na faɗa, ya fito mini baƙo a baki. Lauyar gwamnati ta bi da ni a hankali, daga gida zuwa hanya, daga hanya zuwa mahaɗa. Sai ta ce, wane launi danjar ta nuna?

Na ce, "Ban gani ba. Kaina na sunkuye, miya na zuba mini a zane."

Muryar wayar ta fassara. Lauyar ta duba takardunta, ta ce amma na faɗa wa ɗan sanda kore ce. Na ce na faɗa. Na ce abin da na sani game da mijina na faɗa masa, ba abin da idona ya gani ba. Sai na juya wajen alƙaliyar, hannuna na kan gafakar har lokacin, na ce amma ina so in rantse cewa duk zaman da na yi da shi bai taɓa keta danja ba, ko sau ɗaya. Lauyan mutumin ya miƙe tun tafinta ba ta ƙarasa ba. Alƙaliyar ta saurare shi, sannan ta dube ni, ta ce da murya mai taushi ta ji ni, amma abin da ke gabanta shi ne wannan ranar da wannan mahaɗar. Wannan ita ce maganar da na fi yarda da ita a duniya, kuma ita ce ba ta shiga ma'auni ba.

Injiniya ya yi magana a kan gudu da tabon taya, bai iya cewa komai a kan launi ba. Mutumin bai hau kujerar shaida ba, lauyansa ya ce doka ta ba shi damar yin shiru. Kafin azahar alƙaliyar ta ce an yi babban rashi, amma ba a tabbatar mata cewa ya keta danja ba. Ta sallame shi. Ya rufe fuskarsa da hannuwan nan. Ban tsaya ganin sauran ba.

Baba Ƙarami ya mayar da mu gida. Daga kotu har ƙofarmu rediyo ma bai kunna ba. Da za mu sauka ya ce, "Sai an jima, Hajiya." Har yau yana kawo shinkafa, yana biyan buƙatar yarinyar, yana gaishe ni da ladabi. Bai sake ce mini matarmu ba. A Kano ma akwai waɗanda suka rage kira. Mama ba ta ce na kyauta ba, ba ta ce ban kyauta ba. Ta dai hawo da yamma ta zauna tare da ni, ta ce in zan yi zagayen in sa safa, sanyi ya fara.

Ban san launin danjar ba, kuma na fara gane cewa ba zan sani ba. Zuciyata na cewa kore ce. Wani lokaci sai in tuna dariya yake yi lokacin, yana kallon zanena, sai in tashi in nemi abin gogewa a kicin. 'Yata ta sami lasisin tuƙi bara. In za mu McLeansville akwai wata hanyar da ke zagayewa, takan ce mu bi ta can, ni kuwa in ce ta bi ta mahaɗar. Tun daga nesa nake kafa wa danjar ido, ba na ɗaukewa sai mun wuce. Ba na riƙe komai a cinya, kula tana but ɗin mota. Alƙur'anin ya koma kantarsa. Zanen yana ƙasan kabad cikin ledar asibiti, ban wanke shi ba.